Kwano Huɗu na Iri

Talata: daga gida zuwa Tsanyawa

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba Baba ya ƙwanƙwasa ƙyauren ɗakina da sandarsa. Bai kira sunana ba. Ni ne ɗansa na fari, kuma tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin "Auwalu" a bakinsa ba. Ina ƙarami "kai" yake ce mini, da na fara koyarwa a firamaren garinmu sai na koma "Malamin boko". Ni ma ban saba yi masa musu ba, balle a gaban baƙo. Haka aka tashe mu, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba sai a wannan tafiya.

Neman iri za mu tafi. Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa gero bai cika ido ba, rumbunanmu uku suka zama ɗakin kaji, daga baya kajin ma muka sayar. Muna da wani gero na gado a gidanmu, gajere ne, ƙwayarsa ƙanana masu duhu, bai cika auki ba amma yana riga kowane gero nuna. A shekarun wadata mun raina shi, muka koma dogon gero na kasuwa, sai 'yan zangarniyu da Inna take ratayewa a madafi don kada ya ɓace. Da yunwa ta kai inda ta kai, su ma aka sauke. Ranar da Inna ta zuba na ƙarshe a turmi, Baba fita ya yi bai dawo ba sai bayan magariba.

Wuri ɗaya ya rage da ake da shi a duniya: gidan Gwaggo Hansai, ƙanwar Baba, wadda ta yi aure a wani ƙauye bayan Zakirai. Ranar da za a kai ta, kakanmu ya sa mata zangarniya uku a cikin kayanta. Ƙanena Musa kuwa, wanda shi ne ƙarfin gandunmu, ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa in daminar bana ta sake cin mu, zai kwashi matarsa da 'ya'yansa ya yi Kudu. Washegari Baba ya ce in nemi izinin kwana biyu a makaranta.

Mil uku ne daga gida zuwa bakin kwalta, a ƙasa muka taka. Ƙasarmu ba daji, gona na jikin gona, gida na hangen gida, amma a wannan shekarar har kukoki an tsige musu ganye sun zama tsirara. Muka yi sallar asuba a Tsanyawa, ƙarfe shida da kwata muka sami kiya-kiya mai zuwa Kano, naira biyu kowane mutum.

Tsanyawa zuwa Kano

Motar mutum goma sha huɗu ce, direba ya zuba mana goma sha tara da akuya biyu. Baba na gefen taga, ni ina rabi a kujera rabi a cinyar wani mai sayar da igiya. Na yi shekara biyar a kwalejin horon malamai a birni, don haka ina ganin kaina gogagge. Tun kafin mu kai Bichi na fara yi wa Baba darasi cikin ladabi, ina kallon ƙasa.

Na ce in ya ga ƙunshin kuɗi a ƙasa kada ya ko kalla, mai shi yana laɓe, da an taɓa zai fito ya ce an rage. In wani ya zuba masa kunu a riga ya hau ba da haƙuri yana gogewa, aljihu ake nema. In an taru ana kallon mai wasan karta ko mai maganin maciji, a nan 'yan sane suke cin kasuwarsu. In ɗan kamasho ya kama kaya, kada a saki sai an ga motar da ido. Kuma kada ya gaya wa kowa daga ina muke, ko me ya kawo mu.

Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Malamin boko, in an yi mini sallama fa? In amsa, ko ita ma akwai ƙugiya a ciki?"

Motar ta kwashe da dariya. Mai igiya ya ce, "Baba, ka ji maganarsa. Ni da kake gani an taɓa sayar mini da agogo, na zo gida na buɗe akwatin na tarar da sabulun wanki."

"Ka ci riba," in ji direba. "Yanzu sabulu ya fi agogo wuyar samu."

Kafin motar ta wuce Bichi duk wanda ke ciki ya san sunan garinmu, da sunan Gwaggo, da tarihin geron kakanmu. Baba ne ya faɗa da bakinsa. Na mayar da idona kan gonaki. Shinge biyu muka tarar, ana duba masu ɓoye kayan masarufi, amma ba abin da muke ɗauke da shi sai buta da darduma. Ƙarfe tara saura minti goma muka shiga Kano, tafiyar mil arba'in da 'yan kai.

Kano zuwa Zakirai

Sai da muka ratsa gari kafin mu kai tashar motocin gabas. Na riƙe hannun rigar Baba kamar ni na haife shi, shi kuma yana ta yi wa mutane sannu, ba mai amsawa. A ƙofar wani kanti mun ga layin mutane ya kai kwana, wai madara da shinkafa aka kawo. Baba ya tsaya ya dube su ya ce, "Ashe su ma suna ji a jikinsu."

Mota ba ta cika ba sai goma sha ɗaya da rabi. Muka bi ta Gezawa, rana kamar ta sauko ƙasa, ƙarfe ɗaya da kwata muka sauka a Zakirai. Na sayi rogo dafaffe na sule uku da ɗan yaji, muka ci a gindin wata darbejiya. Daga nan mil biyu ne zuwa ƙauyen su Gwaggo. Can kudu hadari ya ɗan haɗa baki ya watse, Baba ya ƙara sauri.

Gidan Gwaggo

Shekara bakwai rabon Baba da Gwaggo. Da ta fito zaure ta gan shi sai ta kama baki, ta ce, "Yaya! Kai ne ka koma haka? Ina sauranka?"

"Na bar shi a gida, ya yi nauyi a mota," in ji Baba.

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta goge da bakin zane. Ita ma ƙashin wuyanta duk a waje. Mijinta ya rasu, tana zaune da ɗanta da jikoki shida. Ta kawo mana kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli, tana ta ba da haƙuri wai ba ta san da zuwanmu ba, alhali ni na san ko ta sani abin da za ta kawo ke nan.

Baba ya yi ta zagaye. Ya tambayi lafiyar kowa har da jakin maƙwabta, ya yi zancen rijiya, ya yi zancen waɗanda suka mutu. Gwaggo ta bar shi ya gaji, sannan ta ce, "Yaya, kun cinye na Baba, ko?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta tashi ta kai mu madafinta. A saman murhu, daga jikin azara, ga dammuna ƙanana guda biyu a rataye, hayaƙin shekara ya dafe su sun yi baƙi. Ta ce sau uku tana ɗora turmi za ta taka ta sauke su don jikoki suna kuka, sau uku tana fasawa. Ta nuna na dama ta ce, "Wannan naku ne. Ai dama aro ubanmu ya ba ni."

Da sassafen Laraba ita da kanta ta sussuke, ta sheƙe, ba ta yarda surukarta ta taɓa ba. Aka auna, kwano huɗu cif, wanda zai ishi babbar gonarmu har ya yi saura. Baba ya ɗebi kaɗan a tafin hannu ya kai hanci ya lumshe ido. Ni ma na shinshina: ƙaurin hayaƙin kara ne da ɗan ƙamshin daddawa, irin na madafin tsofaffi. Ta zuba a buhun gishiri, ta ɗinke bakin da jan zare, ta raka mu har bayan gari.

"Auwalu," ta ce da ni, "kai ne mai ido. Yaya har yanzu gani yake kowa ɗan'uwansa ne."

Na ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki."

Laraba: Zakirai zuwa Kano

Ƙarfe goma da minti ashirin muka bar Zakirai. Direba ya ce a ɗora buhun a sama, Baba ya ce sai dai shi a ɗora shi a sama buhun ya zauna a kujera. A cinyarsa ya rungume shi har Kano. A shingen da ke gaban Gezawa wani ɗan sanda ya leƙo ya tambayi abin da ke ciki.

"Iri ne, ranka ya daɗe."

Ya taɓa buhun da yatsa, ya dubi Baba, ya ce, "Mu ma a garinmu an cinye. Allah ya ba da damina, Baba. Ku wuce."

Ƙarfe ɗaya saura muka sauka. Kafin a kai inda motocinmu suke lodi sai an ratsa wata babbar kasuwa. Ba zan kama sunanta ba, don mutanenta ba su yi mana laifi ba. Na ɗora buhun a ka, na sa Baba a gaba inda zan riƙa ganinsa.

Ba mu yi nisa ba wani ya gifta ta gabanmu, ƙunshin takarda ɗaure da roba ya faɗo daga aljihunsa daidai ƙafar Baba. Baba ya buɗe baki zai kira shi, na ce, "Baba, mu je." Muka tsallake. A layin 'yan tumatir wani saurayi ya yi karo da ni da kwanon kunu, ya hau sannu-sannu yana lalubar rigata. Na dafe aljihu da hannu ɗaya na ce, "Bar shi, a gida ma da kunu nake wanki." Ya dube ni ya yi gaba. Baba ya waiwayo ya ce, "Ashe bokon nan yana da rana." Ban taɓa jin yabo daga gare shi da ya kai wannan ba, kaina ya yi girma har buhun ya daina yi mini nauyi.

Azahar

Akwai ɗan masallaci a tsakiyar kasuwar, da wata rumfa a gefensa inda matafiya ke hutawa. Muka zauna, buhu a tsakaninmu. Shirina shi ne Baba ya shiga ya yi salla ina gadi, in ya fito ni ma in yi.

Sai ga wani dattijo, sa'an Baba ko ya ɗan girme shi, da farar riga wankakkiya mai faci a kafaɗa, furfura a gemu, carbi a hannu. Yana ɗauke da babban ƙunshi a cikin zanen gado. Ya yi sallama, ya gaishe mu gaisuwa irin ta mutanen ƙauye, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya tambayi haƙurin shekara. Ya ce shi ma baƙo ne, kayan auren 'yarsa ya zo haɗawa.

"Malam," ya ce da Baba, "na duba rumfar nan kaf ban ga fuskar da hankalina ya kwanta da ita ba sai taka. Don Allah ga amana, in zaga in yi alwala. Duk abin da na mallaka yana cikin nan."

Baba ya jawo ƙunshin ya ɗora ƙafarsa a kai. Mutumin ya tafi, ya daɗe, ya fi minti goma sha biyar. Baba ko motsi bai yi ba, wani ya matso zai zauna kusa ya ce masa a'a, akwai amanar mutane a nan. Da dattijon ya dawo, ruwa na ɗiga daga gemunsa, bai ko duba ƙunshin ba. Ya ciro goro ɗaya ya ɓara, ya ba Baba ɓari, ya ba ni ɓari. A shekarar nan goro ba abin da ake kyauta da shi ba ne.

Muka yi alwala da butarmu a bakin rumfa. Daidai nan aka tada iƙama.

"Ku hanzarta kada jam'i ya wuce ku," in ji shi. "Ni ƙafata ba ta son tsayuwar sahu, a nan zan yi tawa a zaune. Ku bar kayanku kusa da nawa. Yadda kuka riƙe mini, ai sai in riƙe muku."

Wallahi a take na gane. Ba ya cikin abubuwan da na lissafa a mota, amma jikina ya ba ni. Kalma huɗu kawai ake bukata: "Baba, ni zan tsaya." Na buɗe baki. Baba ya riga ya miƙe, ya tura buhun jikin ƙunshin mutumin da hannunsa, yana cewa, "Allah ya saka da alheri." In na yi magana yanzu, na ƙaryata ubana a gaban baƙo, na kuma kira dattijo mai furfura ɓarawo da goronsa a bakina. Baba ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Mu je." Na bi shi.

Allah ya yafe mini wannan salla, don ban san abin da liman ya yi ba. Raka'a huɗu na yi da kunnena a rumfa. Ana sallama ban tsaya addu'a ba, na tsallake mutane na fito ba takalmi.

Ƙunshin dattijon yana nan inda yake. Shi da buhunmu babu.

Na warware zanen gadon. Ɓawon gyaɗa ne da tsummoki da rabin bulo. Wani mai sayar da buta a gefe ya ce, "Ai na ɗauka tare kuke. Na ga kuna cin goro."

Na zuba a guje cikin kasuwa, ban san inda nake nufa ba. Duk farar riga sai na sha gabanta. Na shiga layin atamfa na fita ta layin ƙarafa, na bangaje mai ɗauke da ƙwai ya zage ni ban tsaya ba. Can cikin hayaniya na ji wata murya tana ƙwala kira, murya ta tsoho, ta dishe.

"Auwalu! Auwalu!"

Na yi shekara talatin da ɗaya ina jiran in ji wannan suna a wannan baki. Ban so in ji shi haka ba. Na same shi tsaye a tsakiyar hanya, masu kura suna kauce masa, takalmana a hannunsa ɗaya, buta a ɗayan.

Layin masu awo

Na ce mu kai ƙara. Ya girgiza kai. Ya ce, "Wanda ya ɗauka ba manomi ba ne, ba zai kai shi gida ba. Ina ake awon hatsi a nan?"

Layin yana da tsawo, masu awo sun fi arba'in, kowa da tarin gero a kan tabarma. Baba ya fara daga na farko. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ɗebi gero a tafin hannu, ya duba, ya kai hanci, ya mayar, ya yi godiya, ya matsa gaba. Wasu suka yi ta dariya. Wani ya ce, "Baba, turare kake nema? Layinsu yana can." Wani ya buge masa hannu ya ce in ba saye zai yi ba ya daina jagwalgwala masa kaya. Baba ya ba shi haƙuri. Ina biye da shi ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ba don dariyar ba, don na san ni na jawo.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin, kusa da ƙarshen layi, ya ɗebo ya kai hanci, sai bai mayar ba. Ya miƙo mini. Ƙaurin madafin Gwaggo ne. A cikin farin geron kasuwa ga ƙananan ƙwayoyi masu duhu a warwatse, kuma a ƙarƙashin tabarmar ga bakin buhun gishiri da guntun jan zare.

Mai awon, wani mai matsakaicin shekaru, ya ji labari ya yi salati. Ya rantse bai sani ba. Ya ce wani tsoho ne ya kawo, wai matarsa ba lafiya. Da ya ga geron ya yi duhu, ba mai saye shi kaɗai, sai ya juye a kan buhu guda na nasa ya cakuɗa. Kuma tun ɗazu yake awo, ya sayar da fiye da rabi.

"Sun tafi da shi ina?" in ji Baba.

"Gidaje, Baba. Yanzu haka wani yana turmi."

Baba ya zauna a ƙasa, a nan cikin ƙura. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Abin da ya ce kawai, "Da ya tambaye ni ai da na gaya masa iri ne. Da na ba shi kuɗin motarmu."

Abin da ke aljihunmu kwano biyu kawai zai saya, har da kuɗin motar. Mai awon ya ture kwanon gaban Baba ya ce ya auna da hannunsa, ya ɗiba ta inda ya ga ya fi duhu. Da Baba ya gama, mutumin ya ƙara masa rabin kwano, ya zaro buhun Gwaggo ya zuba a ciki. Na ce, "Baba, ko mu koma Zakirai?" Ya ce, "Da wace fuska? Abin da ya rage na bakin jikokinta ne."

Kano zuwa gida

Wani direban akori-kura mai komawa Bichi ba kaya ya ɗauke mu kyauta. A can muka kwana a zauren wani malami, aka ba mu kunun tsamiya ba sukari. Safiyar Alhamis wata motar itace ta sauke mu a Tsanyawa ƙarfe takwas da rabi, muka kama hanyar gida a ƙasa, buhu a kan Baba. Ya hana ni ɗauka.

Muka yi mil guda. A gindin wani gawo na kasa daurewa. Na ce, "Baba, na gane shi tun kafin mu shiga masallaci. Na sani, na yi shiru."

Bai tsaya ba, bai waiwayo ba. Ya ce, "Na ga bakinka ya motsa."

Muka ƙara 'yan taku.

"Ni na koya maka shirun," ya ce. "Kada ka ɗauki kayan da ba naka ba."

Ƙarfe goma saura muka shiga gida. Inna ta ga buhu ta fara guɗa, ta ga fuskokinmu ta haɗiye. Musa ya dubi buhun, ya dube ni, ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Kwana uku Baba ya yi a zaure da faifai biyu, yana tsince ƙwayar gero ɗaya bayan ɗaya, mai duhu dama, fari hagu. Idonsa ba ƙarfi, sai ya kai faifan dab da fuska. In na taso daga makaranta in zauna in taya shi. Abin da muka samu bai cika gwangwanin madara biyu ba. Da ruwan shuka ya sauka, ya shuka shi layi bakwai a bayan gida, babbar gona kuma muka zuba mata farin.

Ruwa ya sake ɗaukewa da wuri a shekarar. Dogon gero ya fitar da kai ya tsaya nan, zangarniya ba ƙwaya, sai kara muka yanka wa dabbobin mutane. Layi bakwai na bayan gida kuwa suka nuna sarai, har suna sunkuyawa. Da sun lalace tare da sauran, da mun ce ƙaddarar shekara ce mun huta. Amma kullum da safe Baba sai ya tsaya a bakin shinge ya dubi layukan nan, ya ɗaga kai ya dubi babbar gona, ya daɗe a haka. Kowa a gidan ya san abin da yake gani.

Bayan kaka Musa ya ɗaure kayansa. Baba bai hana shi ba. Da asubar da za su tafi, ya shiga madafin Inna ya ciro zangarniya uku daga cikin sababbin, ya naɗe a tsumma, ya tura a cikin kayan matar Musa da hannunsa. Ya ce, "Ko ba gona a can, ku rataye a inda hayaƙi zai same shi." Ba su sake ganin juna ba, don Baba bai kai damina biyu bayan nan ba.

Mai shirin shiga kasuwar birni, duk abin da na faɗa a mota gaskiya ne, ka riƙe. Ka ƙara da wanda ban sani ba a lokacin: wanda ya fara ba ka amanar kayansa ba tare da ya san ka ba, ka riƙe masa tsakani da Allah, amma naka kada ya bar hannunka. In kuna biyu, ku yi salla ɗaya bayan ɗaya. In kuma babba ne ya yi kuskure a gabanka, ka durƙusa, ka sassauta murya, ka faɗa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Gwaggo Hansai, Allah ya jiƙanta, wadda har ta rasu ba mu gaya mata abin da ya faru ba. Na gode wa mai awon da ya bar tsoho ya auna da hannunsa, da direban da ya ɗauke mu, da malamin da ya ba mu zaure. Geron yana nan, yanzu rabin garinmu shi suke shukawa, kuma wanda ya zo neman iri ba na auna masa, ɗiba nake yi. Sunana kuwa, daga ranar kasuwar nan Baba bai sake kira ba har ya koma ga Allah. Sau biyu ne duka, kuma har yau in na shiga hayaniyar kasuwa sai na waiwaya.